Zaɓen Takalmi ga Yaro Mai Saurin Jin Taɓawa

A yawancin gidaje, sa takalmi aiki ne da ba ya cin minti biyu. Yaro ya yi wanka, ya karya kumallo, ya zura ƙafa a takalmi, ya rataya jaka ya nufi makaranta. Amma akwai gidan da wannan ɗan aiki yake zama rigima kowace safiya. Da zarar an sa wa yaro safa, sai ya fara kuka. Idan an ɗaura masa takalmi, sai ya tuɓe ya yi jifa da shi. Uwa ta lallashe shi, uba ya daka masa tsawa, yayye su riƙe shi a sa masa da ƙarfi, gobe kuma a sake maimaitawa. Daga ƙarshe sai a ce taurin kai gare shi, ko kuwa shagwaɓa ce ta yi masa yawa.

Sau da yawa wannan hukunci kuskure ne. Akwai yaran da jikinsu yake jin taɓawa fiye da na sauran mutane. Ɗinkin safa da wani ba zai lura da shi ba, su yana iya hana su sakat tun daga safe har yamma. Hausawa suna cewa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wannan darasi za mu ga dalilin da ya sa takalmi yake damun irin waɗannan yara, sannan mu koyi yadda ake samar musu wanda za su iya sawa cikin kwanciyar hankali.

Yadda jiki yake jin taɓawa

Fatar jikin mutum cike take da ƙananan jijiyoyi. Aikinsu shi ne aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa game da duk abin da ya taɓa jiki: zafi ne ko sanyi, laushi ne ko kaushi, matsi ne ko ƙaiƙayi. Tafin ƙafa yana cikin wuraren da waɗannan jijiyoyi suka fi yawa, shi ya sa cakulkuli a tafin ƙafa yake sa mutum zabura.

Saƙonnin da suke isa ƙwaƙwalwa a kowane lokaci suna da yawa ƙwarai. Saboda haka ƙwaƙwalwa takan tace su. Ta riƙe masu muhimmanci, ta yi watsi da sauran. Ga misali. Lokacin da kuka sa rigar makaranta da safe, kun ji ta a jikinku. Bayan ɗan lokaci kaɗan kun manta da ita, ko da yake har yanzu tana taɓa ku. Ƙwaƙwalwarku ce ta saba da saƙon, ta daina kula shi.

Ga yaro mai saurin jin taɓawa, wannan tacewa ba ta tafiya yadda ta saba ga sauran mutane. Saƙon yakan zo masa da ƙarfi, kuma ba ya gushewa da wuri. Ku tuna ranar da tsakuwa ta shiga takalminku. Ba ku iya tunanin komai ba sai da kuka tsaya kuka fitar da ita. To, a ce an hana ku tsayawa, an ce ku zauna a aji da ita har a tashi, kuma ku saurari malami da kyau. Kusan haka wannan yaro yake ji da ɗinkin safa, ko da maɗaurin da yake gugar idon sawunsa.

Akwai kuma yaran da nasu yake akasin haka. Saƙon taɓawa yakan zo musu da rauni. Irin waɗannan sukan so takalmi mai kama ƙafa sosai, kuma takalmi yana iya ji musu ciwo ba su faɗa ba, domin ba su ji ba. Su ma suna bukatar kulawa ta musamman.

Abin da masana suka gano

Wata ƙwararriya 'yar Amurka mai suna Jean Ayres ta daɗe tana nazarin yadda ƙwaƙwalwar yara take haɗa saƙonnin gani da ji da taɓawa. A shekarar 1972 ta wallafa littafi a kan wannan batu, kuma aikinta ya sa masana da yawa suka mai da hankali gare shi.

An fi ganin saurin jin taɓawa ga yara masu lalurar da likitoci suke kira otizim. Lalura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa take girma, tana kuma shafar magana da cuɗanya da mutane. A shekarar 2013, Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya yawan jin taɓawa da ƙara da haske, ko ƙarancin jinsu, cikin alamomin da ake dubawa wajen gane otizim. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta keɓe ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara domin wayar da kai game da lalurar. Sai dai a lura, ba duk yaron da takalmi yake damu ne yake da otizim ba. Likita ne kaɗai zai iya tantancewa.

Wata farfesa a Amurka, Temple Grandin, wadda aka haifa a 1947, tana da otizim, kuma ta shahara a fannin kimiyyar dabbobi. Ta yi bayani a rubuce-rubucenta cewa tufafi masu kaushi da ake sa mata tana ƙarama sun kasance azaba gare ta, manya kuwa suna ganin rashin ji ne kawai. Shaidar manya irinta ta taimaka wajen fahimtar abin da ƙananan yara suke ji amma ba su da kalmomin faɗa.

Me ya sa ba za a bar shi ba takalmi ba?

Wani zai ce, tunda ba ya so, a ƙyale shi mana. A cikin ɗaki ko a tsakar gida mai tsabta, babu laifi yaro ya yi tafiya ba takalmi. Waje kuwa daban ne. Akwai ƙaya da ƙusa da fasasshiyar kwalba, akwai kunama, akwai ƙasa mai ƙuna a lokacin bazara. Akwai kuma wata tsutsar ciki da take rayuwa a ƙasar da ƙazanta ta gurɓata. Takan huda fatar ƙafa ta shiga jiki, ta zauna a hanji tana shan jini, har yaro ya kamu da ƙarancin jini. Ban da wannan, makarantu da yawa ba sa barin ɗalibi ya shiga aji ba takalmi. Ke nan yaron da ya kasa sa takalmi yana iya rasa lafiya, yana kuma iya rasa karatu.

Mataki na farko: gano abin da yake damunsa

Kafin a je kasuwa, sai a fara da lura. Yaro biyu suna iya ƙin takalmi iri ɗaya saboda dalilai mabambanta. Ɗaya ɗinkin ciki ne yake sukarsa, ɗayan kuma gumi ne ba ya so.

Idan yaron yana magana, a tambaye shi a lokacin da hankalinsa yake kwance, ba lokacin da ake saurin tafiya makaranta ba. Tambaya irin "Me ya sa ba ka son takalmi?" ta yi masa faɗi. Gara uwa ta ce, "Zo nan, ɗana. Nuna mini wurin da yake maka zafi." Ko ta ce, "Wanne ya fi daɗi, wannan ko wancan?"

Idan ba ya magana, jikinsa zai nuna. A duba wurin da yake kai hannu. A duba abin da yake fara cirewa, safa ko takalmi. Bayan ya tuɓe, a duba ƙafar: akwai wurin da ya yi ja, ko shatin maɗauri, ko bororo, ko kanta? A kuma lura da takalmin da yake yarda ya sa, ko da tsohon silifas ne. Abin da yake so a jikin wannan silifas shi ne za a nema a sabon takalmi.

Daga nan babba ya zura hannunsa cikin takalmin, ya shafa ko'ina a hankali. Sau da yawa zai ci karo da ƙullin zare, ko busasshen gam, ko bakin wata takarda mai lamba da aka ɗinka a ciki, ko kan ƙaramar ƙusa.

Mataki na biyu: auna ƙafa

Ƙafar babban mutum tana da ƙasusuwa 26. A ƙafar ƙaramin yaro, wasu sassansu guringuntsi ne da bai gama ƙwari ba, don haka matsattsen takalmi yana iya cutar da ita. Ƙafar yaro kuma tana girma da sauri. Takalmin da ya yi daidai a farkon zangon karatu yana iya matsewa kafin ƙarshen shekara. Yana da kyau a riƙa dubawa bayan kowane wata uku ko huɗu.

Ga hanya mai sauƙi ta auna ƙafa a gida:

1. A yi awon da yamma, domin ƙafa takan ɗan kumbura bayan yawon yini.
2. Yaro ya tsaya a kan kwali, ba a zaune ba, saboda ƙafa tana buɗewa idan nauyin jiki ya hau kanta.
3. A zagaye kowace ƙafa da fensir. Idan fensirin yana yi masa cakulkuli, a ɗiga alama kawai a bayan dunduniya da gaban yatsan da ya fi tsawo.
4. A auna duka biyun. Yawanci ƙafa ɗaya ta ɗan fi ɗaya girma, kuma da babbar ake sayen takalmi.
5. A ƙara kimanin santimita 1 a gaban yatsu.
6. A yanke kwalin, a tafi da shi kasuwa.

Lambobin da aka fi gani a takalman kasuwanninmu, irin su 28 da 30 da 32, na tsarin ƙasashen Turai ne. Tsakanin lamba da lamba akwai kashi biyu cikin uku na santimita. Amma lamba 30 ta wani kamfani ba lallai ta yi daidai da lamba 30 ta wani ba. Saboda haka kwalin ya fi lamba gaskiya. Idan an zura shi cikin takalmi ya lanƙwashe, takalmin ya yi kaɗan.

Iyaye da yawa sukan sayi takalmi mai girma sosai domin ya daɗe, ganin tsadar kaya. Ga yaro mai saurin jin taɓawa, wannan dabara ba ta cika yin amfani ba. Ƙafa takan yi ta yawo a ciki, dunduniya tana gugar baya a kowane taku, ƙarshenta a ajiye takalmin ba a mora ba.

Mataki na uku: siffofin takalmin da ya dace

Ciki shi ne abin dubawa na farko. Ya kasance sumul, mai laushi, ɗinkinsa a kwance. Gaban takalmi ya zama da faɗi, yadda yatsu za su motsa. Takalmin ya zama mara nauyi, ƙasansa kuma ya lanƙwasa a daidai wurin da yatsu suke lanƙwasawa. Bayansa ya kama dunduniya ba tare da ya yanke ta ba.

Abin da aka yi takalmin da shi ma abin lura ne. Takalmin roba yana da araha kuma ba ya tsoron ruwan damina, amma yana tara gumi, yana kuma ɗaukar zafi a rana. Kambas yana da laushi, iska tana ratsa shi. Jemammiyar fata mai laushi takan bi siffar ƙafa a hankali. Wasu yara sun fi son sandal domin yatsunsu su sha iska. Wasu kuma sun fi son sau-ciki, domin ba sa son yashi ko ciyawa su taɓa su. Akwai yaran da ba sa jure silifas sam, saboda igiyar da take shiga tsakanin yatsu.

Sai maɗauri. Igiyar takalmi tana da wuyar ɗaurawa ga wasu yara, kuma matsinta yakan bambanta daga yau zuwa gobe. Maɗaurin ƙarfe yana iya gugar fata. Da yawa sun fi samun sauƙi da maɗauri mai mannewa, wanda aka sani da sunan Velcro. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, George de Mestral, shi ya ƙirƙiro shi. A 1941 ya lura da yadda 'ya'yan wata ciyawa suke manne wa tufafinsa da gashin karensa, kamar yadda ƙarangiya take manne wa wando a ƙasar Hausa. Da ya duba da kyau, sai ya ga ƙananan ƙugiyoyi ne a jikinsu, ya kwaikwaye su. Amfanin wannan maɗauri shi ne yaro da kansa zai iya matsawa ko sassautawa yadda yake so. Sai dai ƙarar ɓare shi tana damun wasu yara, don haka a gwada kafin a saya.

Kada a manta da safa

Sau da yawa takalmi ba shi da laifi, safa ce matsalar. Yawancin safa suna da ɗinki a gaba, wanda yake kwantawa a kan yatsu. Magani mafi sauƙi shi ne a juya safar, ciki ya koma waje, sai ɗinkin ya daina taɓa fata. A zaɓi safar auduga, wadda bakinta ba ya shaƙe ƙwauri. A wanke sabuwa kafin a sa, domin ta yi laushi. Idan an dace da irin wadda yaro yake so, a sayi da yawa iri ɗaya, in da hali.

A kula da ƙafar kanta. A yanke farce a kan kari. A lokacin hunturu fata takan yi kaushi, dunduniya ta yi faso, safa ta riƙa kama wurin. Shafa man kaɗanya ko basilin da dare yana rage wannan.

A kasuwa da wajen baduku

Kasuwa wuri ne mai hayaniya da cunkoso, kuma yaron da taɓawa take damu sau da yawa ƙara ma tana damunsa. Ana iya zuwa da kwalin kawai, a yi yarjejeniya da mai kanti cewa za a gwada a gida, a dawo a canza idan bai yi ba. Idan da yaron za a je, a zaɓi lokacin da mutane ba su yi yawa ba, a kuma ba shi zaɓi tsakanin biyu kawai.

Takalmin gwanjo yakan zo da laushi, tunda wani ya riga ya sa shi. Amma ya ɗauki siffar ƙafar wancan. A duba ƙasansa; idan gefe ɗaya ya cinye, a bar shi. Wanda aka saya kuma a wanke shi, a shanya a rana.

A Nijeriya muna da wata dama babba, wato masu yin takalmi da hannu. Birnin Kano ya daɗe da shahara a jima da dukanci, garin Aba na jihar Abiya kuma ya yi suna wajen ɗinka takalma, musamman a kasuwar Ariaria. Kusan kowace unguwa tana da mai gyaran takalmi. Uwa tana iya zuwa da kwalin ta ce, "Malam, don Allah ka ɗinka wa yaron nan sandal da fata mai laushi. Ka mai da ɗinkin waje, ka buɗa gaban, kada ka sa ƙarfe." Baduku yana iya shimfiɗa soso a cikin takalmin da aka riga aka saya, ya cire takardar lamba, ko ya sauya maɗauri, da kuɗi kaɗan.

Sabawa da sabon takalmi

Kada a fara sa sabon takalmi a ranar komawa makaranta ko ranar salla. A fara a gida. Ranar farko yaro ya taɓa shi, ya juya shi a hannu. Washegari ya sa na minti biyar yana wasan da yake so. A riƙa ƙara lokacin kaɗan-kaɗan, ana yaba masa. Sannu ba ta hana zuwa. Wasu yara sukan fi karɓar takalmi idan an fara mammatsa musu ƙafa da hannu, domin taɓawa mai ƙarfi ta fi musu daɗi a kan shafa sama-sama.

Duka da tsawa ba sa rage abin da fata take ji. Abin da suke ƙarawa shi ne tsoro, har yaro ya riƙa kuka da ganin takalmi kawai. Idan an yi duk wannan ƙoƙari abin bai yi sauƙi ba, ko yaro yana yawan tafiya a kan yatsun ƙafa, ko yana kukan ciwo, sai a kai shi wurin likitan yara.

Makaranta da abokan karatu

Makarantu da yawa suna da dokar kayan makaranta: takalmi kala kaza, safa fara. Ya kamata iyaye su je su yi wa shugaban makaranta bayani, su nemi sassauci, kamar a yarda yaro ya sa kambas mai launin da makaranta take so, ko ya tuɓe takalmi idan ya zauna a aji. A watan Janairun 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna bambanci ga masu bukata ta musamman a Nijeriya, kuma neman ilimi yana cikin haƙƙoƙin da ta kare.

Ku ma ɗalibai kuna da rawar takawa. Wataƙila a cikin ƙannenku ko maƙwabtanku akwai irin wannan yaro. Idan kun ga ya juya safa, ko ya zo da takalmin da ya bambanta da na kowa, kada ku yi masa dariya. Idan kun ga ana faɗa da shi a kan takalmi, ku zura hannu a ciki ku shafa, ku gaya wa manya abin da kuka ji.

Ma'anar wasu kalmomi

- Shagwaɓa: halin yaron da aka sangarta, mai yawan kuka a kan ƙaramin abu.
- Cakulkuli: taɓa jiki yadda zai sa mutum dariya ko zabura.
- Bororo: ƙurji mai ruwa da guga ko ƙuna take haifarwa.
- Kanta: wurin da fata ta yi tauri saboda yawan guga.
- Guringuntsi: sashen jiki mai kama da ƙashi amma mai laushi, kamar na kunne.
- Faso: tsagewar fatar dunduniya.
- Sau-ciki: takalmin da yake rufe ƙafa gaba da baya.
- Baduku: mai sana'ar ɗinka kayan fata. Jam'insa dukawa.

Tambayoyi

1. Me ya sa muke mantawa da rigar da take jikinmu bayan ɗan lokaci?
2. Kawo haɗari uku da yaro zai iya fuskanta idan yana yawo ba takalmi.
3. Don me ake auna ƙafa da yamma, kuma a tsaye?
4. Yaya George de Mestral ya sami dabarar maɗauri mai mannewa?
5. Bayyana ma'anar karin maganar nan: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
6. Rubuta gajeriyar hira tsakanin uwa da baduku a kan takalmin ɗanta.